Revolution na mage: na gwada shi a kan magen titi da ba ta yarda a taɓa ta

Duk wanda ya ɗauko mage daga titi ya san ba ita kaɗai ya ɗauko ba. Ƙuma na nan, ƙwarin kunne na nan, tsutsar ciki kuwa ba sai an tambaya ba. Abin haushin shi ne yawancin shawarar da za a ba ka ta masu magen gida ce, wai ka yi mata wanka da ruwan ɗumi ka taje ta da matajin ƙuma. Magen da in ka miƙa hannu sai ta maƙale a lungu ta kwantar da kunne tana maka huci, wa zai yi mata wankan? Shi ya sa na koma kan maganin ɗigawa a wuya, kuma wanda na yi amfani da shi Revolution ne na kamfanin Zoetis, a Turai Stronghold ake ce masa, abu ɗaya ne. Sinadarin cikinsa selamectin, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1999 aka amince da shi a Amurka.

Ɗan ƙaramin tub ne, ka danna murfin ya huje bakin, ka raba gashin ƙeyarta daidai gaban kafaɗu inda harshenta ba ya kaiwa, ka matse a kan fata. Fata fa, ba gashi ba, don ta nan yake ratsawa ya shiga jini, in ka zuba a kan gashi ka yi asara. Sau ɗaya a wata. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne ɗigawa ɗaya tana kashe manyan ƙuma, ta hana ƙwansu ƙyanƙyashewa, ta kashe ƙwarin kunne, ta fitar da macijin ciki da tsutsar nan mai maƙalewa a hanji tana shan jini, sannan tana kare ta daga tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa. Magen da kama ta sau ɗaya ma yaƙi ne, wallahi ba ƙaramin sauƙi ba ne a ce ba sai ka kama ta sau huɗu don magani huɗu ba.

Awon da nauyi yake tafiya, mai miligiram 15 na wadda ba ta wuce kilo 2.5 ba, mai 45 kuma daga kilo 2.6 zuwa 7.5. To ya za ka auna wadda ba ta tsayawa? Ka ɗora ta a sikeli tana cikin kejin, daga baya ka auna kejin shi kaɗai ka cire. Ɗigawar farko kuwa in da hali a bar wa likitan dabbobi ya yi lokacin da aka yi mata allurar barci don aikin hana haihuwa, a nan zai goge mata kunne ya duba dasashinta hankali kwance. Dasashin nan ya kamata a duba sosai, in ya yi fari fat to ƙuma sun shanye mata jini, kuma ƙananan 'ya'yan mage har mutuwa suke yi a kan haka. Takardar maganin ma da kanta ta ce kar a sa wa mara lafiya ko wadda ta rame sosai ko wadda ba ta kai sati 8 ba, kuma magen titi sau da yawa a haka take zuwa, ƙashi da fata.

Sai dai ba mai saurin nan ba ne da za ka gani da idonka, yana ɗaukar yini ɗaya zuwa biyu kafin manyan su mutu. Don haka na fara da Capstar, ƙwayar nitenpyram, na murƙushe ta cikin abinci mai laushi mai ƙamshin kifi na tura mata kwanon na ja baya. Cikin kamar minti 30 ya fara aiki. Ta dinga susa tana zabura tana lasar jiki kamar an tsikare ta, kar hankalinka ya tashi, ƙuman ne ke fagamniya kafin su mutu. Na shimfiɗa farin tawul a ƙarƙashin kejin, da na zaro shi baƙi-baƙi ne birjik, wasu suna ɗan motsa ƙafa. Capstar ɗin aikinsa na kusan yini ɗaya ne kawai kuma manya kaɗai yake kashewa, ba ya maye gurbin na wuyan, share fage ne. Amma dai a fara tambayar likita kafin a haɗa su.

Yanzu abin da Revolution ba ya yi, kuma nan ne mutane ke zarginsa a banza. Ba ya kashe tsila. Ita kuwa tsilar mage galibi ta hanyar ƙuma take shiga, tana lasar jikinta ta haɗiye ƙuma mai ɗauke da ita shikenan. Don haka duk magen da ta zo da ƙuma da yawa ka sa ido a gindin jelarta da inda take kwanciya, za ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, sabbin har miƙewa suke suna takurewa. Wannan sai praziquantel, magani daban. A ganina da an rubuta wannan da manyan haruffa a jikin kwali da an huta, don mutum ya ga an ce yana maganin tsutsa sai ya ɗauka duka ne.

Na biyu ba ya share maka ɗaki. Ƙuman da kake gani a jikinta kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke akwai, sauran ƙwai ne da tsutsotsi da waɗanda suka naɗe kansu suna jira a cikin kafet da tsagar ƙasa da ƙarƙashin kujera, macen ƙuma ɗaya tana iya zuba ƙwai har 50 a rana, kuma waɗanda suka naɗe ɗin nan suna iya yin watanni magani bai taɓa su ba sai sun ji ɗumi da motsi su fito. To sai mutum ya ga sabbin ƙuma bayan sati biyu ya ce ai maganin jabu ne. Ba jabu ba ne, sababbi ne suka fito, za su hau ta su cije ta su mutu. A dinga ɗiga shi aƙalla wata 3 a jere ba fashi, da duk wata mage ko kare da ke gidan, kowa da nasa maganin. A killace ta a ɗaki ɗaya mara kafet, a dinga wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, a bi lungu-lungu da injin zuƙe ƙura. In kana son sanin ko ana samun ci gaba ka kakkaɓe shimfiɗar a kan farar takarda mai danshi, baƙin garin da ya narke ya koma ja kashin ƙuma ne, jini ne zalla. A cikin kashin nan ƙwayar Bartonella take, wadda ke sa mutum zazzaɓi da kaluluwa in mage ta yakushe shi, don haka safar hannu mai kauri ba tsoro ba ne.

Kaska ma ba ta cikin aikin Revolution a jikin mage. Akwai Revolution Plus da aka ƙara wa sarolaner saboda ita, amma sarolaner na cikin rukunin da hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2018 cewa wasu dabbobin na samun makyarkyata ko farfaɗiya. Ni dai tunda ban ga kaska ba kuma ba fita za ta dinga yi ba, na tsaya a na asalin.

Don Allah kar wani ya ce yana da ragowar na kare bari ya ɗiga mata kaɗan. Da yawa daga na karnuka akwai permethrin a ciki, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, karkarwa za ta kama yi har ta mutu. Haka tafarnuwa da man tea tree da ake ta yayatawa, duk guba ne a wajenta.

Wurin da aka ɗiga gashin kan ɗan ƙanƙame ya yi fari-fari, yana wucewa, kar dai a jiƙa ta ranar. Wahalar gaske a wata na biyu take, babu allurar barci, ita kuma hancinta na jiyo ƙamshin sifirit ɗin da ke cikin maganin tun daga nesa. Abin da ya yi min aiki, na huje tub ɗin a waje na ɗan riƙe shi a tafin hannu ya yi ɗumi, na bari sai da yunwa ta kama ta ta dulmiya kai cikin kwano, sannan na zo ta bayanta na matse gaba ɗaya lokaci guda. Ta yi tsalle ta harare ni, ta dawo ta ƙarasa abincinta.