Fim ɗin zanen da Sinawa suka jira fiye da shekara biyar: abin da na gani a Guangzhou

Duk wanda yake harkar kaya a Guangzhou ya san cewa idan bikin bazara na Sinawa, wato bikin sabuwar shekararsu, ya zo, kasuwa tana mutuwa murus, masana'antu su rufe, ma'aikata su koma garuruwansu, mu baƙi da ke zaune a kewayen unguwar Xiaobei mu rasa abin yi sai zaman ɗaki da kiran gida. A irin wannan hutu ne na shekarar 2025 wani abokin cinikina Basine ya matsa mini in raka iyalinsa gidan sinima, domin tun kafin hutu babu maganar da ake yi a shaguna da cikin jirgin ƙasa sai ta Ne Zha 2, fim ɗin zane mai motsi da aka saki ranar 29 ga Janairu. Kashi na farko ya fito a 2019, wato sun yi fiye da shekara biyar suna jiran ci gaban labarin.

Sayen tikitin kansa ya nuna mini yadda aka tsara hidima a nan. A waya ake zaɓen sinima da lokaci da ainihin kujerar da mutum yake so, a biya ta manhajar WeChat ko Alipay, idan an isa a nuna wa na'ura wata lamba ta fitar da tikiti, babu layi, babu turereniya, babu mai cewa a ƙara masa wani abu. Sai dai baƙon da bai haɗa wayarsa da asusun banki ba, zai sha wahala ƙwarai, ga shi yawancin rubutun manhajar da Sinanci yake. Duk da cewa ana nuna fim ɗin tun safe har tsakar dare, kujerun gaba kawai muka samu, inda wuya yake ƙagewa saboda ɗaga kai.

Labarin ya samo asali ne daga wani tsohon littafin almara na zamanin daular Ming, fim ɗin kuma game da Ne Zha ne, yaro mai taurin kai da aka haifa da ƙarfin aljanu, da abokinsa Ao Bing ɗan sarkin dodannin teku. Akwai abubuwan imaninsu na gargajiya a ciki waɗanda ba namu ba ne, kuma a matsayin tatsuniya na kalle su. Sinancina na kasuwa ne, saboda haka raha da yawa ta wuce ni, musamman ta malamin yaron, wanda yake magana da karin harshen lardin Sichuan, da zarar ya buɗe baki zaure ya kece da dariya. Amma lokacin da mahaifiyar yaron ta rungume shi a rabuwarsu ta ƙarshe, na ga wani dattijo mai furfura a gefena ya cire tabarau yana share hawaye da bayan hannu, jikarsa kuma ta riƙe masa ɗaya hannun.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan fim ya ƙare, bayan minti 144 ana zaune. Na miƙe zan fita, sai na ga kusan kowa yana kujerarsa, mai shara ma tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiyarta tana jira. Wasu suna dakon ɗan guntun da ake sakawa a tsakiyar sunaye ne, amma abokina ya nuna mini allon ya ce in duba jerin kamfanonin zane da suka yi aikin, su 138, da mutane sama da 4,000. Ya ba ni labarin daraktan, Yang Yu, wanda ake kira Jiaozi, yadda ya karanci haɗa magunguna a jami'a, ya koya wa kansa zane a kwamfuta, ya shafe shekaru a gida yana rayuwa da ɗan fanshon mahaifiyarsa. Mai sayar da kayan wuta ne yake faɗa mini duk wannan da alfahari, kamar ɗan uwansa yake yabo.

A nan ne tunanin gida ya kama ni, har da ɓacin rai. Mu ma muna son kashi na biyu, amma so muke ya fito mako mai zuwa, kuma idan ya fito ba mu da niyyar biyan ko sisi, sai a kai waya shagon tura finafinai a cika ta da aikin da wani ya ci bashi ya yi. Daga baya mu ne za mu zauna muna kushe hoto da sauti, muna cewa masu shirya fim ɗinmu ba su iya ba. Zane mai motsi kuwa mun yanke masa hukuncin wasan yara, yaron da ya iya zane a bayan littafi dukansa ake yi a ce yana ɓata takarda. Ga labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi, ga dodannin da kakanninmu suka tsorata mu da su a tsakar gida bayan sallar isha'i, amma 'ya'yanmu sun fi sanin jaruman zanen Amurka da Japan.

Ba komai ne ya burge ni ba. Da kuɗin da fim ɗin ya tara suka haura yuan biliyan 10 a tsakiyar Fabrairu, sannan ya zarce fim ɗin Amurka Inside Out 2 ya zama fim ɗin zane mafi samun kuɗi a tarihi, sai kallon ya koma gasar kishin ƙasa. Mutane suna komawa sau uku sau huɗu don adadin ya ƙaru, wasu kamfanoni suna saya wa ma'aikatansu tikiti, wanda kuma ya ce faɗan ƙarshe ya yi tsawo ko wasu barkwancin sun yi ƙazanta, sai a yi masa ca a intanet. Ni ma ina ganin faɗan ya yi tsawo, kuma ban ga laifin mai faɗar haka ba.

Ta fuskar kasuwanci, 'yan tsanar fim ɗin da kamfanin kayan wasa na Pop Mart ya fitar a cikin rufaffun kwalaye sun ƙare cikin 'yan kwanaki, masu saye suka biya kuɗi suna jiran watanni. Da kasuwa ta buɗe jabu ya cika rumfuna, har wasu 'yan uwa daga gida suka fara aiko mini da saƙo in loda musu shi saboda araha. Na gaya musu gaskiya cewa fentinsa yana gogewa a hannu, kuma ba zan sa sunana a kan kayan da iyayen yara a nan suke ƙin saya wa 'ya'yansu ba.