Dainoso mai magana bai dame ni ba, katin malam ne ya dame ni

Sati uku ke nan tsohuwar kwamfutata ta bar hannuna. Da aka yi hutun makaranta na saukar wa autata, mai shekara bakwai, wani wasan dainoso, dabbobin nan na zamanin da da suka shuɗe, don ta rage zaryar gidan maƙwabta da tsakar rana. Tun daga ranar, in dai akwai caji tana kai, yayanta mai shekara goma yana gefe yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da Turanci ake magana a ciki, don haka ni na zama tafinta, kuma a haka na buga shi tare da su tun daga farko har ƙarshe.

Ɗan Triceratops ne ya fito daga ƙwai ya tarar garkensu ya yi gaba, sai ya bi sawu. Zai ratsa daji, ya haye kogi, ya bi ta gindin dutse mai aman wuta. Yana da aboki mai fiffike kuma mai surutun tsiya, Pteranodon. Akwai tsohon Stegosaurus a bakin tafki, ba ya nuna hanya sai an tsinko masa ganye. Akwai ɓarawon ƙwai. Sannan akwai Tyrannosaurus, wanda da ka ji kiɗa ya sauya ka san ya iso. Hajiya, mahaifiyata, ta leƙo sau ɗaya ta ce, "Wannan ai Dodo ne, wutsiya kawai suka ƙara masa." Ba ta yi kuskure ba. Maraya a hanya, jarrabawa uku, da tsoho mai neman a yi masa hidima kafin ya buɗe baki, kamar tsohuwar bakin rafi da ke cewa a cuɗa mata baya: duk mun ji su a tsakar gida kafin a haifi masu wasan.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi mai yawa. In an sauke shi sau ɗaya ba ya neman intanet, maɓalli huɗu ne kawai, kuma bai taɓa tsayawa ba duk da tsufan na'urata. Rurin Tyrannosaurus ya yi ƙarfi da yawa, ranar farko sai da yarinyar ta ɓuya a bayana. Ba a iya tsallake hirar tsakanin mataki da mataki, wanda ke gundurar yaro a zagaye na biyu.

Maganar dabbobin ba ta dame ni ko kaɗan. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi, da kura mai kwaɗayi da dila malamin daji, ba mu da bakin cewa don me ƙadangare zai yi Turanci. Amma tatsuniya tana da ƙofa. Da an ce "ga ta nan ga ta nanku" yaro ya san inda ya shiga, in an kai ƙurunƙus kuma mai bayarwa da bakinta za ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wannan wasa ya cire ƙofar. Ana gama kowane mataki sai wani kati ya fito, da hoton dabba da muryar malami a natse, yana faɗin sunanta da tsawonta da abincinta. Yaro ba ya rarrabe inda almara ta tsaya da inda darasi ya fara, kuma duk abin da muryar nan ta faɗa, autata takan haddace shi kamar karatun allo.

Wasu katunan daidai suke. Triceratops da Tyrannosaurus sun yi zamani ɗaya a yammacin Amurka ta Arewa, wajen shekara miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce, har an sami ƙasusuwan na farkon da shatin haƙoran na biyun. Gabar da ke tsakaninsu a wasan tana da tushe. Amma katin Pteranodon ya kira shi dainoso mai tashi, alhali dangi ne kawai, reshensa daban. Katin Stegosaurus kuwa bai yi ƙarya ba, shiru ya yi a inda bai kamata ba. Dabbar ta rayu wajen shekara miliyan 150 da suka wuce. Tazarar da ke tsakaninta da Tyrannosaurus ta haura shekara miliyan 80, wato Tyrannosaurus ya fi kusa da zamaninmu a kan zamanin tsohon da ke ba da shawara a bakin tafki. Na rubuta wa yaron lissafin a bayan takarda. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Abba, ashe fatalwa muke ta kai wa ganye."

Inda raina ya ɓaci sosai shi ne a kan Oviraptor. A wasan shi ne ɓarawo mai sanɗa, aikin yaro ya kore shi da jifa, katin kuma ya tabbatar da cewa ƙwan wasu yake sata. Ma'anar sunansa ke nan, ɓarawon ƙwai. A 1923 masu bincike daga gidan tarihin halittu na New York suka tono shi a hamadar Gobi ta Mongoliya, kwance a kan wasu ƙwai da suka zaci na wani dainoso ne daban, Protoceratops. A 1924 wani masani, Henry Fairfield Osborn, ya raɗa masa sunan, kuma shi kansa ya yi gargaɗin cewa sunan zai iya zama zalunci ga halin dabbar. A 1993 aka sami irin wannan ƙwan a Mongoliya da ɗan tayi a ciki, sai ga shi na dangin Oviraptor ne. Daga baya aka tono 'yan uwansa zaune a kan sheƙa, hannuwa a baje a kan ƙwai, kamar kaza mai kwanci. An kama mai gida a ɗakinsa an yi masa ihun ɓarawo, ya ɗauki shekara 70 da sharrin. Masana sun wanke shi tun kafin a haifi 'ya'yana, wasan yara ya sake ɗaure shi. Abin haushin ma, ainihin labarin ya fi wanda suka ƙirƙira daɗi. Da sun bar yaro ya yi ta jifan sa har mataki na ƙarshe, sannan ƙwan ya fashe a ga ɗansa ne, da sun sami tatsuniya mai kyau kuma ba su ci bashin kimiyya ko sisi ba.

Velociraptor ma an zana shi da tsayin babban mutum, jiki duk saɓa irin ta kada. Na gane dalili: tun fitowar wani shahararren fim na Amurka a 1993 haka duniya ta san shi, kuma iyaye abin da suka gane suke saye. Na gaskiyar bai fi babban talotalo ba in ka cire doguwar wutsiya, kuma gashin tsuntsu gare shi. A 2007 aka ga gurbin fuka-fukai a ƙashin hannunsa, kafin nan a 1996 an tono Sinosauropteryx a lardin Liaoning na Sin da shatin gashinsa a jikin dutse. A nan na ɗan yi wa masu wasan uzuri, don talotalo ba zai sa yaro ya ɓuya a bayan uba ba. Sai dai katin yana da fili, layi ɗaya ya isa.

Akwai taswira a ƙarshen wasan, an sa alama a Amurka da Asiya, Afirka fayau. Nan na ajiye aikin tafinta na koma mai ba da labari. A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere a jihar Agadez ta Nijar, akwai ɗaya daga cikin manyan makabartun dainoso na nahiyar nan. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi tono a can tun shekarun 1960, Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya biyo baya a shekarun 1990. Daga can aka sami Suchomimus, mai dogon baki irin na kada, mai kamun kifi, wanda aka raɗa wa suna a 1998. Kifi a Tenere, don a lokacin wurin koguna ne. Daga can kuma aka sami Nigersaurus, mai tsawon kusan mita 9, baki a baje kamar matsefi, da haƙora sama da 500 da ke sauyawa kusan duk bayan sati biyu. Sunan ƙasar maƙwabtanmu ne a jikinsa, kuma wanda ya je Yamai zai ga ƙasusuwan dainoso a gidan tarihi na Boubou Hama. Autata, wadda haƙoranta biyu na gaba suka fita watan jiya ba su fito ba har yanzu, ta ce ba a yi adalci ba.

Zan iya ba wani uba shawarar ya sauke shi, da sharaɗin ya zauna kusa a zagayen farko, musamman lokacin da katin ya fito. Na yi wa yarana doka: abin da dabbobi suka faɗa tatsuniya ne, abin da kati ya faɗa a zo a tambaye ni. Yaron ya ce to ni wa zai duba ni, na ce ya girma ya zo mu yi.

Kuskurena ɗaya, na gaya musu cewa tsuntsaye jikokin dainoso ne, cewa dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya a Yukatan ta Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce bai shafe zuriyar duka ba. Yanzu autata ta rage zama gaban kwamfuta, tana bayan gida a tsugune tana ƙirga yatsun kajin Hajiya. Jiya na ji Hajiya daga ɗaki tana cewa a fita harkar kajinta, ita ba ta kiwon Dodo.