Zanzibar: kwana a cikin Stone Town ko shigowa yawon yini daga otal ɗin bakin teku?

Ɗan uwa da ka tambaya ko kai da madam ku sauka a Nungwi, garin bakin teku da ke arewacin tsibirin, duk kwana biyar ɗin ku shigo Stone Town, tsohon garin Zanzibar, yawon yini ɗaya, ko kuwa ku kama ɗaki a cikin tsohon garin, ni dai ba zan yi maka kwana-kwana ba, ku kwana a cikin garin, kuma da shi za ku fara. Kwana biyu a Stone Town, ukun da suka rage ku wuce bakin teku ku huta. Filin jirgin ma ai kusa da garin yake, ba ku fi tafiyar minti ashirin ba a tasi, to me zai sa daga sauka ku kwashi gajiya ku nausa arewa?

Yawon yinin nan da otal-otal ke haɗa wa mutane na taɓa biyansa, kuma har yau kuɗin suna min ciwo. Daga Nungwi zuwa gari kusan kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ta yi kyau, sai an gama karin kumallo a tashi, ku iso wajen sha ɗaya rana ta take, a zaga da ku wuri uku ko huɗu da sauri, a tsayar da ku a shagon da direba yake da kamasho, kafin la'asar an ce a koma mota. Abu ɗaya da zan ce a kansa shi ne mai tafe da tsoho ko mai ciwon ƙafa zai iya samun sauƙi a hakan. Shikenan.

Matsalar ita ce garin nan da asuba da kuma yamma yake rayuwa, tsakar rana kowa ya shige inuwa, daga masu shagon tsaraba sai 'yan yawon buɗe ido kawai za ka gani suna gumi. Wanda bai kwana ba gine-gine kawai ya gani, bai ga mutanen ba, kuma wallahi mutanen ne garin.

Lokacin da muka koma da iyalina muka kama ɗaki a wani tsohon gida da aka mayar masauki a wajen unguwar Malindi, na fita sallar asuba ina lalube a lungu don ban san hanya ba, sai kawai na bi sahun wasu dattawa masu fararen jallabiyoyi da hula har wani ɗan masallaci da ko alama babu a jikinsa, ƙofa ce kawai da takalma a bakinta. Da aka idar wani dattijo ya ga baƙuwar fuska ya riƙe hannuna, ni ba Suwahilanci shi ba Turanci sosai, da ɗan Larabcin islamiyya muka lallaɓa, ya zaunar da ni a dakalin ƙofar gidansa, irin dakalin dutsen nan da ke jikin kusan kowane gida a garin wanda suke kira baraza, ya kira mai gahawa ya zuba mana a 'yan ƙananan kofuna da alewar gyaɗa da kwakwa, kashata. Na sa hannu a aljihu ya ɓata rai, ya ce baƙo ba ya biya. Muna nan zaune gari ya waye a idona, yara masu fararen hijabi suna wucewa makaranta, mai burodi a keke yana danna ƙararrawa, mata suna share ƙofar gida, ƙamshin turaren wuta yana fitowa ta tagogi. Daga baya da kansa ya rako ni har kasuwar Darajani ya nuna min mutumin da shi yake sayen kayan ƙamshi a wurinsa. Wannan safiyar ba a sayar da ita a kowane tsarin yawo, sai ka kwana.

Kuma abin gani a garin ya fi ƙarfin awa uku. Tun shekarar 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, su mutanen garin Mji Mkongwe suke ce masa. Gidajen da dutsen murjani na teku da farar ƙasa aka gina su, rufin kuma da itacen da ke fitowa a bakin ruwan gishiri aka yi masa azara, shi ya sa za ka ga ɗakunan dogaye ne amma ba su da faɗi, iya tsawon itacen iya faɗin ɗakin. Lungunan mota ba ta shiga, sai ƙafa da keke da babur, kuma da gangan suke a matse don inuwa da iska. Ɓata kam za ku ɓata, kar hakan ya dame ku, garin ƙarami ne, duk inda ka miƙe ko ka ɓulla teku ko ka ɓulla babban titin Darajani.

Ƙofofin gidajen su kaɗai sun isa a ba su safiya guda. Akwai na Larabawan Oman masu kusurwa huɗu, da yawansu da ayar Alƙur'ani sassaƙe a sama, akwai na Indiyawa masu kan baka da manyan ƙusoshin tagulla, salon da aka taho da shi daga Indiya inda ake sa su don hana giwayen yaƙi tunkuɗe ƙofa, a nan kuwa ado ne da nuna arziki. Idan ka samu ɗan rakiya da ya san aikinsa zai nuna maka sassaƙen sarƙa da kifi da furanni a jikin katakon ya gaya maka abin da ake cewa kowanne yana nufi game da mai gidan.

A bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal. Wajen 1840 Sarki Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa nan, kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi suka mayar da tsibirin babbar kasuwar gabashin Afirka. Gefen ganuwar Beit al-Ajaib yake, gidan abin al'ajabi da Sarki Barghash ya gina a 1883, shi ne gini na farko da ya samu wutar lantarki a Zanzibar, har da lif a ciki. Abin takaici wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, mu dai daga waje muka kalle shi a kewaye ana gyara, don haka duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai shigar da kai ka fara tabbatarwa an buɗe. A daidai wannan bakin ruwan ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada ruwan wuta ranar 27 ga Agustan 1896 saboda Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba, yaƙin bai kai minti 45 ba aka gama, shi ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi. Sarautar kanta ta ƙare da juyin juya halin Janairun 1964, a Afrilun shekarar aka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya.

Wurin da nake roƙonka kar ka shiga da gaggawa shi ne tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini. An rufe ta a 1873, aka gina cocin Angilika a filin. Ana shiga da baƙi wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da aka ce a nan ake tsare bayi kafin a fito da su kasuwa, rufin a ƙasa-ƙasa, tagar 'yar tsaga ce kawai, a waje kuma akwai gumakan mutum biyar a cikin rami da sarƙa a wuya, sannan akwai ɗakin da aka jera tarihin cinikin da hotuna da bayani. Matata ta fito ta kasa magana, sai da muka zauna a inuwa muka daɗe. Masu yawon yini minti kaɗan ake ba su a nan a ce a wuce, alhali wuri ne da ya kamata ɗan Afirka kuma Musulmi ya tsaya ya karanta komai da idonsa, har da abin da ba daɗin ji, don manyan dillalan irin su Tippu Tip, wanda gidansa yana nan a garin har yanzu, Musulmi ne.

Da yamma kuma sai Forodhani, lambun da ke gaban ganuwa. Kafin magariba samarin gari suna ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku, jiragen ruwa masu filafilai suna dawowa, ana idar da salla masu abinci sun jera tebura da fitilu. Ku sha urojo, wani romo ne mai ɗan tsami da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki, ku ci tsiren da suke kira mishkaki, ku sha ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. A lokacin nan mai yawon yini tuni ya koma Nungwi.

Ban ce babu wahala ba fa. Tsofaffin gidajen matakalarsu a tsaye take kuma yawanci babu lif, ka tambaya hawa na nawa ɗakinku yake kafin ka biya, ka tambaya akwai esi da janareta, sannan ka tabbatar ba kusa da inda ake kiɗa da dare ba ne. Tasi a bakin lungu zai ajiye ku, jaka sai a baro ko a ka. Ruwan gaban gari kuma ba na wanka ba ne, jirage sun yi yawa, shi ya sa na ce ku bar kwana ukun ƙarshe don Nungwi ko Kendwa, can ruwan ba ya janyewa da nisa kamar na gabas wajen Paje. In da hali ku kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa ne. Ta fannin abinci da salla kuwa hankalinka kwance, kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai sun kai hamsin a cikin tsohon garin kaɗai, madam da hijabinta ita ce ma za ta fi sajewa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Akwai samarin da ake kira papasi, tun daga tashar jirgin ruwa za su manne maka, ɗaya ya ce shi ma'aikacin otal ɗinku ne, wani ya ce otal ɗin da ka kama an rufe shi bari ya kai ka wani, duk ƙarya ne, kamasho yake nema. Da sun ji sallama a bakinka sai su koma ɗan uwa Musulmi, kar wannan ya sa ka saki jiki. Ɗan rakiya na gaskiya yana da katin shaida, ka ce ya nuna maka, ko ka sa masaukinku su haɗa ka da wanda suka sani, ku yi ciniki kafin ku ɗaga ƙafa, ku fayyace ko kuɗin shiga wurare yana ciki. Awa uku da shi a safiyar farko ta isa, sauran ku yi da ƙafarku.

A Forodhani kar ka yarda a ɗora komai a wuta sai an faɗa maka kuɗinsa, akwai masu cika maka faranti sai ka ci a yanka maka abin da aka ga dama. Kifi da jatan lande da aka jera tsibi-tsibi an riga an gasa, wasu na jiya ne ake ɗumamawa, ka nemi wanda za a gasa ɗanye a gabanka, ko ka duba teburin da 'yan gari suka yi layi ka bi bayansu. Kayan ƙamshi kuma ka saya a Darajani, kasuwar da ke nan tun 1904, ka sayi kanumfari da kirfa da masoro ɗanyensu ba garin da aka ƙulla a leda mai ado ba, ka shinshina kafin ka biya. Za'afaran mai arha da ake tallansa a lungu ka bar musu kayansu, ba a noma shi a can, yawanci wani fure ne ko kurkur. Haka dutsen adon nan mai tsada da ake kira tanzanite, duk wanda ya zaro shi daga aljihu ya ce zai yi maka sauƙi gilashi ne, in madam tana so ku je shago mai rajista da zai ba da takardar shaida. Akwatunan katako da ake cewa na zamanin sarakuna ne, da yawa sabbi ne aka shafa musu duhu, ka saya in ya burge ka amma a kuɗin sabo. Atamfar kanga kuwa bibbiyu ake sayar da ita a haɗe, kar a raba a sayar mata da ɗaya a kuɗin biyu, kuma ta sa a fassara mata rubutun da ke jiki kafin ta zaɓa don wasu habaici ne.

Inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi tun Oktobar 2024, dala 44 ce kowane babba, a shafin hukumar inshorar Zanzibar kaɗai za ka biya, kar ka ba wani ejan da ya ninka maka. Ka riƙe shilin na Tanzaniya ƙanana a aljihu don gahawa da kasuwa. Idan za ku tsallaka tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, ku yi ciniki da mai kwalekwale kan zuwa da dawowa, rabin kuɗi a tafiya rabi in ya dawo da ku, kuma ku ga rigar kariya daga nutsewa da idonku kafin ku shiga. Sannan duk alƙawarin lokaci da za ka yi da direba ka sa ya nuna maka a agogon waya, don su daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe ɗayansu na safe shi ne bakwai ɗinka, kar motar da za ta kai ku Nungwi ta zo kuna barci. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida madam.