Kare mai zabura a titi: abin da ake sayarwa a Jamus da Ingila, da wanda ya cancanci kuɗinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Tambayar da ta fi zuwa daga gare ku game da karnukan Turai ita ce, wai me ake ba su ne, da har kare zai shiga jirgin ƙasa ya kwanta ƙarƙashin kujera ko motsi ba ya yi? Wasu na zaton irin karen ne, wasu na zaton akwai wata na'ura. Ba ko ɗaya. Kuma kada hoto ya ruɗe ku. A nan ma akwai karnukan da, da sun hango wani kare ko mai keke, sai su miƙe a kan ƙafafun baya suna haushi suna fizgar igiya, mai su na biye yana ba mutane haƙuri. Don irinsu aka kafa kasuwa guda ta kaya da masu horarwa, kuma a cikinta akwai hatsi akwai ƙaiƙayi.

Jamus ta sa hannun hukuma a harkar sosai. Tun 2014, duk wanda zai karɓi kuɗi ya horar da karnukan mutane sai ya sami izini daga ofishin lafiyar dabbobi na yankinsa, bayan ya nuna ya san aikin. A jihar Niedersachsen kuwa, tun Yulin 2013, sabon mai kare shi kansa sai ya ci jarrabawa: ta takarda kafin ya ɗauko karen, ta aikace cikin shekarar farko. Ga haraji, wanda a Berlin Yuro 120 ne a shekara kan kare na farko, ga inshorar ɓarnar da kare zai iya yi wa wani, wadda dole ce a Berlin da Hamburg da Niedersachsen ɗin. Ingila ba ta karɓar harajin kare. Abin da ta wajabta tun Afrilun 2016 shi ne a sa wa kowane kare ɗan ƙanƙanin guntun lantarki a ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar shaidarsa, wanda ya ƙi kuma tara na iya kai fam 500. Amma maganar horarwa, a Ingila da Amurka kowa na iya buga kati gobe da safe ya ce shi gwani ne. Shi ya sa masu lura a Ingila ke duba ko sunan mutum na cikin rajistar ABTC, majalisar da ke tsara ƙa'idojin masu horar da dabbobi, a Amurka kuma su nemi shaidar CPDT-KA, wadda ba a zama jarrabawarta sai an yi awa 300 ana aikin. Izinin Jamus ba ya mayar da kowa gwani, amma yana tsare ƙofa.

To, kayan. Shagon dabbobi zai nuna maka bango guda na igiyoyi, alhali igiya biyu da ɗamara ɗaya kake bukata. Ta farko igiya ce marar dabara, mai tsawon kamar mita 2, ta yawo cikin gari. Ta biyu doguwa ce, mita 5 zuwa 10, ta koyar da amsa kira a fili, kuma ba a ɗaura ta a wuya, domin karen da ya kwasa da gudu ya kai ƙarshen mita 10 wuyansa ne zai sha. Sai ɗamarar ƙirji, wadda madaurinta ke haɗuwa a ƙirji kamar harafin Y ya bar kafaɗu su yi motsi, mai zobe biyu, ɗaya a baya ɗaya a gaba. In ka maƙala igiya a zoben gaba, duk sanda kare ya ja sai jikinsa ya karkato wajenka maimakon ya sami abin turawa. Awon dacewa shi ne yatsu biyu su shiga tsakanin madauri da fata, ba fiye ba. In ta yi sako-sako, kare mai tsoro zai ja da baya ya zare kansa kamar mai tuɓe riga, a tsakiyar titi.

Igiyar nan mai naɗe kanta cikin akwatin roba, wadda kamfanin Flexi na Jamus ya shahara da ita, ita ta fi cika hannun mutane, kuma a ganina ita ce mafi rashin dacewa da kare mai zabura. Kullum a ɗame take, saboda haka tana koya masa cewa ja shi ke ba da ƙarin fili. In ya kwasa, siririn zarenta na ƙone yatsu. In akwatin ya suɓuce ya faɗi, zai riƙa bin karen yana ƙara a kan kwalta, karen na ƙara gudu. Ragamar kai irin Halti, wadda ke zagaye hanci kamar ta doki, tana taimakon mai ƙaramin ƙarfi da ke riƙe da babban kare, amma sai an yi kwanaki ana saba masa da ita a gida, kuma ba a fizga da ita.

Takunkumi ba abin kunya ba ne a nan. Jirgin ƙasan Jamus na bukatar babban kare ya shiga da igiya da takunkumi, jiragen Ingila kuwa igiya ta wadatar. Wanda za a saya shi ne mai siffar kwando, irin Baskerville, domin kare da haki yake sanyaya jikinsa, kuma a cikin kwando zai iya buɗe baki, ya sha ruwa, ya karɓi nama. Na yadi mai matse baki na 'yan mintoci ne a gaban likita. A yi yawo da shi cikin zafi, ana iya rasa karen. Yadda ake saba masa: a shafa abin lasa a cikin kwandon, shi da kansa ya cusa hancinsa, ba a tura masa ba. Sai ya yi kwanaki yana murna da ganinsa kafin a fara ɗaure madaurin, daƙiƙa biyu, sannan biyar.

Akwai kuma kayan da ake tallatawa da alkawarin gyara cikin kwana ɗaya: abin wuya mai jan lantarki da mai ƙayoyin ƙarfe. A Amurka ana sayar da su a sarari. Wales, maƙwabciyar Ingila a cikin Birtaniya, ta haramta na lantarki tun 2010, Jamus ma ba ta yarda a yi horo da shi ba, kuma daga 2022 ta hana mai ƙayoyin. Ko a ajiye doka gefe, lissafin bai fita. Yawancin karnukan da ke zabura tsoro ne ko takaici ke cin su. Kare ya ga wani kare, wuyansa ya yi zafi, me ya koya? Cewa ganin kare na kawo ciwo. Haka wanda ake duka in ya yi gurnani: gurnanin zai daina, tsoron na nan, sai ka sami karen da ke cizo ba gargaɗi.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda ba a shago yake ba. Kowane kare mai zabura yana da tazarar da in abin ya wuce ta, kansa ya ɗauki zafi, ba ya ji ba ya gani. Wani mita 10 ne, wani sai 40. Horo duka a bayan wannan layin ake yin sa. Ku lura da karen kafin haushi ya fito, don jiki na riga baki magana: bakin da ke buɗe yana haki sai ya rufe ɗif, kunnuwa su miƙe gaba, jela ta sandare, nauyin jiki ya koma ƙafafun gaba, ido ya kafe. Gwaji mafi sauƙi shi ne nama. Ka miƙa masa abin da a gida yake rawar jiki a kansa. In ya ƙi, ko ya wafce da haƙora har ya kama yatsa, kun yi kusa da yawa. Ja da baya.

Kafin a fita, a gida ake gina kayan aikin. A zaɓi alama guda, ko ɗan abin latsawa mai ƙara ƙyas, ko gajeriyar kalma kamar "yauwa". A faɗa, a ba da lada, sau 15 zuwa 20, har ya zama da ya ji alamar zai juyo neman abinsa. Alamar sai ta faɗo cikin daƙiƙa guda da abin da ake so, in ba haka ba wani abin daban ka saka wa. Ladan kuwa dafaffiyar kaza ko cuku ne, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, don a zama guda za a iya ba da talatin. A rage daga abincinsa na ranar, kada ladan ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci. Cakulan, inabi, zabibi da albasa guba ne ga kare, kada su shiga jakar. Zama na minti 3 zuwa 5 sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a ƙarshen mako. Abubuwa uku za a koya a ɗaki: ya kalle ka in ka kira sunansa, ya taɓa tafin hannunka da hanci, da kuma juyawa, wato ka ce "mu tafi" ka juya gaba ɗaya ya biyo ka da sauri. Daga ɗaki sai tsakar gida, sai ƙofar gida, sai titi marar mutane. Kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri zuwa wuri kamar mutum; "zauna" na falo ba shi ne "zauna" na bakin kasuwa ba, sai an sake koya masa.

Sannan a nemi fili mai faɗi inda ake hango karnuka daga nesa. Ka tsaya bayan layinsa, igiya a sake, ta yi ɗan lanƙwasa. Da ya ɗaga kai ya ga wancan karen, ka yi alama, ya juyo, ka ba shi. Ya sake kallo, alama, nama. Wancan ya ɓace, naman ma ya tsaya. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin jerin yana da muhimmanci: sai ya fara ganin karen, sannan nama ya fito. In kai ka riga shi hangowa ka fara cusa masa nama, to naman ne zai zama mai shelar abin tsoro, har ka ga kare na jin motsin jaka ya fara waige-waige. Bayan zama da yawa za ka ga abin da ake jira: ya kalli karen, ba ka ce komai ba, ya juyo ya dube ka kamar mai cewa ina nawa? Daga nan sai ka jinkirta alamar zuwa lokacin juyowar. In ya yi daidai kamar sau 8 cikin 10, a matso mita ɗaya ko biyu. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ko tazara, ko tsawon tsayuwa, ko ƙarfin abin da ke jan hankalinsa, don kare mai tafiya a natse daban yake da mai gudu yana bin ƙwallo.

In abu ya faɗo ba zato, kare ya ɓullo daga kwana, ba lokacin darasi ba ne. "Mu tafi", a juya, a shiga bayan motar da ke ajiye. Ko a watsa nama a ƙasa, don sunsuna na sauke kai ya kuma raba ido da abin. In kuwa ya riga ya fashe da haushi, tsawa ba ta da amfani, a janye shi kawai. Irin wannan ranar kuma gobenta a sassauta, domin tashin hankali na taruwa: karen da babur ya firgita da safe, layinsa da yamma ba zai zama na jiya ba. Kuma duk zaburar da aka bari ta faru maimaici ne. Ya yi haushi, mai wucewa ya wuce, dama wucewa zai yi, amma a wurin karen shi ya kore shi. Shi ya sa ake lulluɓe ƙasan taga ga karen da ke wuni yana haushin titi, ake kuma sauya lokacin yawo zuwa sanda hanya ba cunkoso.

Ajin taro, inda karnuka shida ko takwas ke ɗaki guda, yana da kyau ga kwikwiyo, musamman kafin ya kai mako 14, lokacin da yake karɓar sabon abu cikin sauƙi. A Ingila ƙungiyar Kennel Club na da tsari mai matakan tagulla, azurfa da zinariya, a Amurka kuma takwararta AKC na da gwaji mai abubuwa goma tun 1989, ciki har da wuce wani kare cikin natsuwa da zama da baƙo na minti uku ba mai shi. Amma kai kare mai zabura irin wannan ajin jefa shi cikin wuta ne, don babu tazarar da zai samu. Nasa shi ne mai horarwa na shi kaɗai, wanda zai zo da nasa karen mai sanyi a tsayar da shi nesa. Kafin wannan ma sai an ga likitan dabbobi, musamman in halin ya sauya farat ɗaya, domin ciwon ƙugu, kunne ko haƙori na sa kare faɗa. Sai dai a tuna cewa tsakanin wata 6 zuwa 18 kare na cikin tashen balaga, wanda jiya yake amsa kira yau zai yi kunnen uwar shegu. Doguwar igiya ake mayar masa, ba duka ba.

Tsarin da ya fi tsada, a kai kare ya yi makonni a wurin mai horarwa a dawo da shi "gyararre", shi na fi shakka. Ba ka ga abin da aka yi masa ba, kuma hannun da zai riƙe igiyar gobe bai koyi komai ba. Kafin ka biya kowa, ka nemi kallon darasi guda, ka kuma tambaye shi: in karen ya yi daidai me kake yi, in ya yi kuskure me kake yi? Wanda ya fara da maganar nuna wa kare waye shugaba, ko ya yi alkawarin kwana bakwai, a gode masa a wuce.

Wani abu mai arha da ya bazu daga Sweden shi ne ƙyalle rawaya da ake ɗaurawa a igiya, ma'anarsa wannan karen na bukatar fili, kada a matso. Masu karnuka da yawa sun san shi, masu wucewa kuwa ba duka ba, don haka har yanzu sai mai karen ya ɗaga hannu tun daga nesa ya faɗa da bakinsa.