Sharhi a kan fayafayan golf uku da kwandonsu bayan gwajin farko a Bauchi

A hutun ƙarshen shekara ɗan yayata da ke karatu a Amurka ya zo gida da tsarabar da ban taɓa ganin irinta ba, wato fayafayan roba guda uku da wani kwando mai naɗewa wanda sarƙoƙi ke reto a samansa. Ya ce kayan golf na faifai ne, inda ake jefa faifai daga nesa har ya shiga kwando, kuma wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ne ya yi nasara. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya tsara filin wasan na farko a jihar Kalifoniya a 1975, shi ne kuma ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa, domin sarƙar ta tare faifan ta sauke shi ciki.

Bayan la'asar muka nufi wani fili gaba da Yalwa, a kan hanyar Dass. Filin gaske yana da kwanduna 9 ko 18, mu kuwa ɗaya tilo gare mu, saboda haka muka riƙa ciccibarsa muna sauya masa wuri.

Faɗin kowane faifai kusan santimita 21 ne, amma bakinsu ya sha bamban. Na jifan nesa bakinsa siriri ne mai kaifi, na jifan kusa bakinsa da kauri, na uku kuma yana tsakaninsu. Da yake ina ji da ƙarfin dantsena, na nesan na fara ɗauka, na wurga shi iyakar ƙarfina. Ya tashi sama kamar abin kirki, sai ya karkace hagu ya faɗa cikin wata aduwa, muka ɓata lokaci muna zungurarsa da kara, ƙarangiya kuma ta cika mini ƙafar wando. Yaron ya danne dariyarsa ya ce, "Kawu, ku ajiye wannan tukuna, ku gwada na tsakiyar." Ashe idan mai jifa da dama ya sako faifai ta bayan hannu, da zarar gudunsa ya ragu hagu yake komawa, mai kaifin baki kuwa ya fi kowanne yin haka a hannun wanda bai iya ba shi gudun da yake bukata ba. Lambobi huɗu da aka buga a jikin kowane faifai wannan suke bayyanawa: gudu, daɗewa a iska, karkata dama a farkon tafiya da komawa hagu a ƙarshenta. Babu wata takarda a cikin kwalin da ta fassara su, kuma a ganina wannan gazawa ce ga kayan da aka yi domin 'yan koyo.

Faifan tsakiyar shi ya fitar da ni kunya. Da na rage ƙarfi, na daidaita shi da ƙirjina, na bar ƙugu ya juya kafin hannu, sai ya tafi sak ba gargada. Na kusan ma yana da daɗin riƙo, kuma ƙarar sarƙa lokacin da ya shiga daga tazarar taku bakwai ta sa na manta da zancen aduwa.

Robar ce ba ta jure ƙasarmu mai tsakuwa. Kafin magariba bakin na nesan ya yi zazzago a wuri biyu, sai da na goge shi da samfefa. Kwandon ma ba shi da nauyi, iskar hunturu ta kayar da shi sau biyu kafin mu danne ƙafafunsa da duwatsu. Ban kuma taɓa ganin irin waɗannan fayafayai a kasuwar Wunti ba, don haka idan ɗaya ya ɓace sai dai a yi saƙo.

Yaron ya koma makaranta ya bar mini kayan. Ranar Asabar nakan fita da na tsakiya da na kusa, na nesan kuwa yana nan cikin kwalinsa a saman kabad.