Kwana shida a Rajastan da motar kamfani: inda kuɗina ya yi rana da inda ya tafi a banza

Yayana na raka asibiti a Delhi cikin watan Janairu. Da aka gama gwaje-gwaje likita ya ce mu dawo bayan kwana goma, shi kuwa Yaya ba ya iya zaman ɗaki. Sai muka biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin tafiyar kwana shida zuwa jihar Rajastan: mota da direba, masauki, karin kumallo, da kwana ɗaya a tanti cikin hamadar Thar. Ba zan kama sunan kamfanin ba, irinsu sun fi a ƙirga.

Motar ba ni da abin cewa a kanta, tsaf take, kuma direban mai haƙuri ne. Tun rana ta biyu ya gane lokutan sallarmu, shi ke nemo masallaci ya tsaya ba sai mun yi magana ba. Aibinsa ɗaya, kowane gari sai ya kai mu shagon "ɗan'uwansa" mai sayar da darduma ko zannuwa. Ni da na tashi a Kantin Kwari ai ba za a ɓoye mini la'ada ba. A shago na uku na ce masa ya isa haka, ya yi dariya, bai sake ba. Wani abin da ba a faɗa mana ba tun farko shi ne kuɗin shiga wuraren ba ya cikin abin da muka biya, kuma tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba.

Jaipur ta yi mini cunkoso. Mun ga Hawa Mahal, ginin nan na 1799 mai ƙananan tagogi 953 da aka yi don matan fada su riƙa kallon titi ba a gan su ba. Daga waje ya fi kyau, minti ashirin ya ishe ka.

A Jodhpur ne na fara jin ba mu yi asara ba. Ganuwar Mehrangarh, wadda sarki Rao Jodha ya aza harsashinta a 1459, tana bisa dutse ne, garin kuma shimfiɗe a ƙasa da gidajensa masu shuɗin fenti. Akwai na'urar hawa bene ta kuɗi, a ita Yaya ya hau, ni na taka da ƙafa don in ga ƙofofin. Ta ƙarshen, wato Loha Pol, an gina ta ne dab da wata muguwar kwana, aka kafe ta da tsinin ƙarafa, don kada giwar yaƙi ta samu filin gudu ta bangaje ta. A jikin bangonta akwai tambarin tafukan hannu ƙanana, na matan sarki Man Singh da suka shiga wutar ƙona gawarsa a 1843. Na daɗe tsaye a wajen, na kasa ɗaukar hoto.

Daga nan kusan kilomita 280 ne zuwa Jaisalmer, hanya miƙe cikin ƙaya da rairayi, ga raƙuma, ga maza da manyan rawuna masu launi. Yaya ya ce ban da launin rawunan da ya rantse hanyar Agadas muke. Ganuwar Jaisalmer ta 1156 ce, da dutse ruwan ƙwai, kuma har yau mutane na zaune a cikinta da shagunansu da shanunsu. Kamfanin ya sauke mu a wajen ganuwa, na so in yi ƙorafi, sai aka yi mini bayani cewa ruwan da masaukai ke zubarwa a ciki yana jiƙa harsashin ginin har wasu sassa sun taɓa ruftawa. Na janye ƙorafina.

Tantin hamada kuwa, wanda hotonsa ne ya ja mu, shi ya fi ba ni haushi. Tuddan rairayin ƙauyen Sam, inda tantin yake, suna wajen kilomita 40 daga gari, kuma ba kai kaɗai ba ne: tantuna jere a bakin kwalta, motocin jif suna ta ƙara, robobin ruwa ko'ina. Hawan raƙumin bai kai rabin awa ba, mai raƙumin ya soma neman ƙari. Da dare sanyi ya sauko kamar tsakiyar hunturu, bargo ɗaya, famfon ruwan zafi ya ƙi aiki. Mai raka maras lafiya ya yi tunani kafin ya yarda da wannan kwanan.

Abin da ya wanke musu laifi makaɗan Manganiyar ne. Musulmi ne, gadon kiɗa suke yi, kuma iyayen gidansu 'yan Rajput ne, wato jinin sarakuna da mayaƙan yankin, mabiya addinin Hindu. Makaɗan ne ke riƙe musu asalin kaka da kakanni, su yi musu waƙa ranar biki da haihuwa, kamar dai maroƙan fada a wurinmu. Wani dattijo na goga kamaicha, mai kama da goge amma cikinta ya fi faɗi, an rufe da fatar akuya, wani yaro kuma na kaɗa 'yan katakai a tafin hannu da saurin da ido ba ya bi. Ba mu ji kalma ɗaya ba, amma da dattijon ya ɗaga murya sai na ga Yaya ya laluba aljihu ya tashi zai yi liƙi. Na ce, "Yaya, kuɗin magani ne fa." Ya ce, "Bar ni, wannan ya san aikinsa."

Bayan an tashi muka yi musu sallama, suka amsa da murna, suka ja mu wajen murhunsu. Gurasar gero suke gasawa, bajra roti, ana shafa mata man shanu a haɗa da mazarƙwaila. Ita muka ci muka bar abincin tantin.

In zan koma, zan sake ɗaukar mota da direba, amma zan ƙara kwana a Jodhpur, in je Sam da la'asar, in saurari kiɗa, in koma gari in kwana a ɗaki mai ruwan zafi.