Shagon da aka fara min dada a Samaru, bayan wata 14 ga abin da na gani

Tun ranar bikin ƙanwar maigidana da ɗankwali ya zame min a ɗakin amarya mata suka sa ni gaba da tambaya, wai ina aka miki, nawa ne, baya wari? Toh bari in amsa gaba ɗaya in huta. Dada ce, wato gashin da ake kullewa ya zama igiya igiya irin na 'yan rasta, ko lok kamar yadda 'yan jami'a suke cewa, kuma gashina ne na kaina babu ƙarin ko sili ɗaya. A wani ɗan shago a Samaru aka fara min, ba nisa da babban get ɗin ABU Zariya. Ba zan kama sunan shagon ba don maganata akwai yabo akwai ƙorafi, mai shagon kuma kowa Anti yake ce mata nima haka zan kira ta.

Abin da ya kai ni gajiya ce kawai. Kitso duk sati biyu, tsifa, taje kai ana hawaye, ga rilaksa ta cinye min gashin gaba har sai na ja ɗankwali zuwa gira. Wata ƙawata da ke karatu a harabar ABU ta Kongo ce ta nuna min nata, ƙanana masu kyau kamar kalaba, nace nima shi kenan.

Ranar farko dana je da kuɗina a jaka Anti ta buɗe kaina ta tsattsaga da tsinken kum tana dubawa, sai tace ƙanwata yau ba zan taɓa kan nan ba. Amosani ne ya cika shi, tace in aka kulle gashi a kan amosani ɓawon zai riƙa shigewa ciki kuma ba kum ɗin da zai ƙara fito da shi. Ta tura ni kemis in sayi shamfu mai ketoconazole, in wanke sau biyu a sati, in bar kumfar minti biyar kafin in ɗauraye, in dawo bayan sati uku. Wallahi haushi naji don tun daga Tudun Wada na hau keke har biyu, amma daga baya na gane wanda ke neman kuɗinka kawai ba zai kore ka da kuɗi a hannu ba. Ita ce ma ta fara faɗa min wai man zaitun da man kaɗanyan da nake lafta wa fatar kai kullum da sunan maganin amosani ƙara masa ƙarfi suke, don ƙwayar da ke kawo shi da maiƙo take rayuwa. Shekara nawa ina ciyar da abokin gabata ban sani ba.

Dana koma kafin ta fara sai da ta tambaye ni sau nawa ruwa ke taɓa kaina. Nace Anti alwala sau biyar da shafar kai, ga wankan wajibi, ai kin san matar aure. Tace toh murɗi ba naki ba ne. Wato hanyoyin farawa kala kala ne, akwai wanda ake nannaɗe gashin da kum ya zama kamar ƙaramar igiya, akwai wanda ake murɗa kashi biyu, waɗannan suna da sauri da arha amma ruwa na taɓa su da wuri sai su warware. Akwai na kwarashi, ƙaramin nan mai bakin 0.5, da ake caccakar gashin ya kulle a rana ɗaya. Sai kuma wanda suke ce wa intalok, ana cusa bakin gashin ta gindinsa a zaro, a sake cusawa ta wani gefen, kamar saƙa. Shi ta zaɓar min saboda ko ranar aka jiƙa shi baya kwancewa. Wannan tambayar ita kaɗai ta isa ta sa in ba ta maki, don masu bidiyon YouTube ɗin da na kwana ina kallo babu wadda ta yi maganar alwala.

Mun fara ƙarfe tara na safe bamu tashi ba sai bayan la'asar, guda 130 da 'yan kai ta fitar, na biya dubu 25 a lokacin, yanzu na san ya ƙaru kamar komai. Akwai ɗan ɗaki daga ciki da labule, ba namijin da ke leƙowa, akwai buta da darduma. Kujerar dai Allah ya sauwaƙe, bayana ya kwana biyu yana ciwo.

Maganar addini kuwa sai da na tambayi Malamarmu ta Islamiyya kafin in je. Ta kawo min hadisin Ummu Salama da ke cikin Muslim, da ta tambayi Annabi (SAW) ko sai ta warware kitsonta in za ta yi wankan janaba yace a'a, ta zuba ruwa sau uku a kai ya wadatar. Malama tace abin lura shi ne ruwa ya kai fatar kai, kuma kar a yi ƙarin gashi. Ni ba malama ba ce, kowa ta tambayi wanda ta yarda da iliminsa, na faɗi dai abin da aka faɗa min.

Wata biyun farko ina ta ɗaukar hoto. Daga wata na uku zuwa na shida kuma sai abu ya rikice, gashin ya kumbura a tsakiya, ya takure, ƙananan gashi suka miƙe ko ta ina kamar na yi faɗa da kaza. Umma ta kalle ni wata rana tace ke yanzu da hankalinki kika biya kuɗi aka mayar da ke 'yar rasta? Na koma shago kamar zan yi kuka, Anti tana dariya tace haka yake, mutum yana zubar da gashi 50 zuwa 100 a kullum, da a kum suke fita, yanzu a ciki suke zama su cakuɗe, su ne ma suke kulle shi. Tace ki ba shi shekara. Gaskiyarta, wajen wata goma ya fara kwanciya ya yi nauyi, yanzu yana taɓa kafaɗa.

Toh wanki, nan ne asalin maganar, kuma nan ne na ga kyan shagon na kuma ga aibinsa. In Anti ce da kanta, shamfun take tsinkawa da ruwa a wata 'yar roba mai tsinin baki ta riƙa bin tsaga tsaga, fatar kai take wankewa da tafin yatsa ba farce ba, gashin kuma matsa shi take kamar soso. Ɗauraya sau uku ko huɗu har sai ta matse taga ruwa garau. Ba ta sa kwandishina, ta hana ni karkashi ma a shekarar farko don santsinsa warware gashi yake, abin da muke so a kitso shi ne bama so a nan. Sabulun salo tace in dole sai na yi to in jiƙa in tace, in ba haka ba zai bar fari fari a ciki musamman da ruwan rijiya. Sai ta naɗe kan da tsohuwar riga mai laushi ba tawul ba, saboda zaren tawul maƙalewa yake, ta sa ni a ƙarƙashin diraya kusan awa ɗaya, ta riƙa matsa masu kaurin na ƙeya tana ji ko da sauran danshi.

Ranar da abin ya ɓaci cikin watan Agusta ne, ruwa ake ta yi tun asuba, Anti ta je suna, yarinyar da ke koyon aiki ce ta karɓe ni. Tana gama wanki aka ɗauke wuta, janareto ba mai. Maimakon tace in jira ko in dawo sai ta taɓa sama sama tace min ai ya bushe. Na ɗaura ɗankwali na zura hijabi na hau keke har gida, na kwanta da shi a haka. Kwana biyu sai ga wani wari, irin na kayan wanki da aka manta a bokiti, maigida bai ce komai ba amma na ga yana juya baya. Na bi shi da turaren wuta har kasko biyu, sai ya zama wari biyu a haɗe. Dada waje take bushewa ta bar ciki a jiƙe, mu kuma da kanmu ke rufe yini guda abin ya fi mana haɗari fiye da 'yan matan da ke yawo da nasu a buɗe iska na kaɗawa. Kuma yarinyar nan ta ja min gindin gashin da ƙarfi, ƙeyata ta yi ƙuraje ƙanana, kwana uku ina shan panadol, in ɗaga gira ma aiki ne. Irin wannan jan ne ke cinye gashin gaba, abin da na gudo daga gare shi kenan.

Dana koma na faɗa wa Anti ba ta yi musu ba, ta ba ni haƙuri, ta jiƙa min kan a roba da ruwan ɗumi da khal na tuffa kamar kwata awa, ta sake wankewa ta busar, ba ta karɓi ko sisi ba. Ruwan da ya fita kam ba zan kwatanta ba ana cin abinci. Amma har yanzu ina ganin bai kamata a bar mai koyo ita kaɗai da kan mutane ba, kuma shagon da ke wanke dada bai kamata ya kwana ba mai a janareto ba, wannan ba alfarma ba ce cikin kuɗin da muke biya ne.

Yanzu a gida nake wankewa duk kwana goma, da safe kawai, ranar da ba inda zan je, in zauna tsakar gida rana ta buga sannan in bi da handiraya in akwai wuta. Bayan wankan wajibi ma ban ɗaura komai sai ya sha iska. Da hunturu kuma matsalar juyawa take, ƙura da bushewa, kun dai san hazon Zariya, sai in fesa ruwan wardi da safe in ɗiga man kwakwa kaɗan a tafin hannu in shafa a jikin gashin, ban kai shi fata. Hular satin a ƙarƙashin hijabi da kuma lokacin barci, don bargo da rigar sanyi zarensu in ya shiga ya shiga kenan. Humra da basilin da lalle duk na haƙura da su a kai, lalle garinsa baya fita.

Gyaran gindin gashin, wato kulle sabon da ya tsiro, duk sati bakwai ko takwas nake zuwa, dubu 8, gashi dai kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata so ba amfanin zuwa kullum ana ja. In za ki je ki kira tukun ki tabbatar Anti na nan, ki ce ita kike so, ki je da safe ranar Talata ko Laraba don Asabar 'yan makaranta sun cika wajen za ki yini a benci. Ki tambaya akwai wuta ko akwai mai kafin ki bari a zuba miki ruwa. Ni handirayata ma nake sakawa a jaka yanzu, ranar nan yarinyar ta gani tana ta dariya wai har yanzu ban huce ba.